Kiwon zuma: yadda ake tsare amya daga yunwa, tun daga sanyi har faɗuwar damana

Darasinmu na wannan fitowa a kan ƙudan zuma yake. Masu ɗaura amya a ƙasar Magarya da Matamai, da Madarumfa, da Gaya, da Tamu, duk sun san cewa kama zuma bai kai riƙe ta wuya ba. Mutum zai ɗaura amya goma da kaka, ƙuda su shiga bakwai. Kafin hadarin farko ya taso, sai ya tarar saura uku. Sauran sun tashi, ko sun mutu a ciki. Yawanci akan ce ai halin zuma ke nan, ba ta zama wuri guda. Gaskiya ne ƙudan zuma na ƙasarmu suna da saurin ƙaura. Amma ba sa tashi haka kawai. Yunwa, da ƙishirwa, da sanyi, da ƙwari, da hannun mai amya, su ne ke korar su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da magani, kuma maganin bai fi ƙarfin talaka ba.

Su wane ne a cikin amya?

Kafin mu yi maganar abinci, sai mu san masu cin sa. A cikin kowace amya akwai uwa guda ɗaya tak. Mutanen da suna ce mata sarkin zuma, amma mace ce, shi ya sa yanzu ake kiran ta sarauniya. Aikinta yin ƙwai. Idan abinci ya wadata takan yi ƙwai fiye da 1,000 a yini guda. Idan abinci ya yi ƙaranci sai ta rage, wani lokaci ta daina ɗungum.

Sai ma'aikata, waɗanda su ma mata ne, kuma su ne mafi yawa, dubbai ne. Su ke gina saƙa, su ke renon ƴaƴa, su ke tsaron ƙofa, su ke fita neman abinci da ruwa. Akwai kuma maza ƴan kaɗan, manya, marasa harbi. Ba sa aikin komai sai barbarar sabuwar sarauniya. Da yunwa ta shigo, su ake fara kora waje.

Daga ranar da aka yi ƙwai zuwa ranar da ma'aikaciya za ta fito daga ramin saƙa, kusan sati 3 ne. Sa'an nan takan yi wajen sati 3 tana aikin cikin gida kafin ta fara fita daji. Ku riƙe wannan lissafi na sati 6, za mu dawo kansa. A lokacin aiki mai yawa, duk rayuwar ma'aikaciya bayan fitowarta ba ta cika wuce sati 6 ba. Ke nan amyar da ta daina haihuwa, kullum raguwa take yi.

Abincinsu iri biyu ne, kuma duk daga fure yake fitowa. Na farko shi ne ruwan zaƙi da ke cikin fure, wanda suke mayarwa zuma. Shi ne ke ba su ƙarfi, kamar yadda hatsi yake a wurinmu. Na biyu shi ne garin fure, wanda suke dunƙulawa a ƙafafunsu na baya, rawaya ko fari ko ja. Shi ne ke gina jiki, kamar wake da nama da nono. Ba a renon ƴaƴa sai da shi. Na uku da bai kamata a manta ba shi ne ruwa.

Me ya sa lokacin sanyi ke da hatsari?

Wurin da ƴaƴan zuma suke kwance dole ne ya zauna da ɗumi na digiri 34 zuwa 35, dare da rana. Wato kusan ɗumin jikin ɗan Adam. A watan Disamba da Janairu kuwa, sanyin asuba a Maraɗi da Damagaram da Tawa yakan sauka ƙasa da digiri 15, wani dare ma ƙasa da 10. To, ina ƙudan za su samo ɗumin da ya rage? Daga jikinsu. Sukan taru su dunƙule a kan ƴaƴan, suna motsa tsokar fikafikansu ba tare da sun tashi ba, sai zafi ya fito. Wannan aiki da zuma ake yin sa. Zuma ita ce itacen wutarsu. Daren da ya fi sanyi, shi ya fi cin zuma.

Ga inda abin yake da wuyar ganewa. Gawo ba kamar sauran itatuwa ba ne, da shigowar rani yake yin ganye da fure. Bayansa mangwaro ya biyo. A kudancin ƙasa, wajen Gaya, kaɗanya ma takan yi fure cikin sanyi. Da ƙudan sun ga fure ya buɗe, sai sarauniya ta dage da ƙwai, amya ta cika da bakunan ci. Ana cikin haka sai hunturu ya taso da ƙarfi, hazo ya rufe gari kwana huɗu ko biyar. Iska mai ƙura tana busar da ruwan fure. Ƙudan ba sa iya fita da sassafe saboda sanyi, in sun fita kuma iska ta wahalar da su, su dawo da kaɗan. A cikin gida ana ci, daga waje ba a kawowa. Amyar da ba ta da ajiya, cikin ƴan kwanaki sai ta durƙushe.

Kowane manomi ya san irin wannan hali. Ba da kaka ake jin yunwa ba. Ana jin ta ne lokacin da aka yi shuka, aiki ya yi yawa, rumbu kuwa ya kai ƙasa. Haka amya take. Wadda ta fi yawan ƴaƴa, wadda mai ita ya fi sa wa rai, ita ce yunwa ta fi saurin kayarwa.

Masu kiwon zuma na Faransa da sauran ƙasashen Turai sun san wannan matsala ƙwarai. Can ƙudan sukan yi watanni a cikin akwati saboda tsananin sanyi. Amma lokacin da suka fi jin tsoro shi ne ƙarshen sanyin, sa'ad da haihuwa ta fara, ajiya ta ƙare, sanyi kuma ya sake dawowa. Bambancinmu da su shi ne, ƙudansu sukan zauna su mutu a gida, namu kuwa sukan kwashe abin da ya rage su tashi. Kuma mu yunwarmu biyu ce: ta hunturu gajeriya, da ta bazara doguwa, wadda ke zuwa bayan furen itatuwa ya kaɗe, ciyawa ba ta fito ba.

Yadda za a gane amya tana cikin wahala

Ba sai an buɗe ba. Buɗe amya da sanyin safiya ma ɓarna ne, domin ɗumin da suka kwana suna tarawa zai fita, ƴaƴan da ke gefe su mutu. Ido da hannu sun isa.

Ku je da hantsi, rana ta ɗan yi zafi, ku tsaya a gefe, ba gaban ƙofa ba. Idan ƙudan suna shiga da dunƙulen gari a ƙafa, to sarauniya tana nan, ana reno. Idan shiga da fita ta ragu, ba mai ɗauke da gari, alhali amyar da ke kusa tana kawowa, akwai magana. Ku duba ƙasa. Idan kun ga fararen tsutsotsi an zubo su waje, ƴaƴan zuma ne, yunwa ko sanyi ya kashe su. Idan kun ga ana jan maza waje, ajiya ta fara ƙarewa.

Sa'an nan da yamma ku sa hannu a hankali ku ɗaga gindin amyar kaɗan. Zuma tana da nauyi, saƙar da ba komai kuwa kamar takarda take. Wanda ya saba ɗagawa sati-sati, hannunsa zai gaya masa gaskiya.

Amyar da ke shirin ƙaura ba ta yi a rana guda. Sarauniya ta kan daina ƙwai, su jira ƴaƴan da ke rufe su fito, su shanye sauran zuma, sa'an nan su tashi. Wannan shiri yakan ɗauki sati biyu ko fiye. Mai zagaya amyoyinsa yana da lokacin tare su. Wanda ya ɗaura amya bai sake leƙa ta ba sai ranar ɗiba, shi ne kullum yake cewa zuma ba ta da alkawari.

Ruwa kafin komai

Idan abu ɗaya kawai za ku iya yi cikin wannan darasi, to ku ba su ruwa. Da ruwa suke tsinka zuma mai kauri domin ciyar da ƴaƴa. Da ruwa kuma suke sanyaya gida da bazara: su shafa shi a kan saƙa, su yi ta fifita da fikafikai. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, amya mai ƙarfi tana iya shan lita guda ko fiye a yini.

In ba ku ba su ba, za su nema da kansu, kuma mun san inda za su je. Za su cika bakin rijiya, da wurin famfo, da kwamin shayar da dabbobi. Su harbi yaro, su hana mata ɗiban ruwa, magana ta kai gaban mai gari. Amyoyi da yawa an sauke su ko an ƙone su saboda wannan.

Ku sami kasko, ko fasasshen tulu, ko tsohuwar tasa. Ku ajiye a inuwa, taku ashirin ko talatin daga amyoyin. Ku zuba tsakuwa ko guntayen karan dawa a ciki, domin ƙudan zuma ba su iya iyo ba, sai sun sami wurin tsayawa. Ɗan gishiri kaɗan, abin da yatsu biyu suka ɗauka, yana jawo su da farko. Ku kewaye da ƙaya saboda awaki.

Sharaɗi biyu ne. Na ɗaya, a fara tun tabkuna ba su ƙafe ba, kafin su saba da rijiya, domin in sun saba da wuri raba su da shi yana da wuya. Na biyu, kada kaskon ya bushe ko da yini guda. Wannan aiki ne da yaro zai iya yi kowace safiya. Sau ɗaya a sati a zubar da ruwan a wanke kaskon, kada ya zama gidan sauro.

Ruwan sukari

Abincin da ya fi dacewa da ƙudan zuma shi ne zumarsu. Sukari taimakon gaggawa ne, kuma da kuɗi ake sayen sa. Saboda haka ba kowace amya ake ba ba. Mai nauyi ba ta bukata. Wadda ta rasa sarauniya, ko an ba ta buhu guda ba za ta tashi ba. Waɗanda suka cancanta su ne amya mai ƴaƴa wadda ta yi sakayau, da sabon taron da ya shigo a makare bai samu ya yi ajiya ba.

Farin sukari ake amfani da shi, na gari ko na ƙwaya. Kada a ba su mazarƙwaila, tana da abubuwan da cikinsu ba ya narkarwa, takan sa su zawo. Kada kuma a ba su zumar kasuwa wadda ba a san asalinta ba. Akwai cututtukan ƴaƴan zuma da ke ɓoye a cikin zuma, su bi ta daga wata amya zuwa wata.

Haɗin iri biyu ne. Mai kauri: mudu biyu na sukari, ɗaya na ruwa. Shi ake ba amyar da ajiyarta ta ƙare, domin su zuba a saƙa su riƙa ci. Mai ruwa-ruwa: sukari ɗaya, ruwa ɗaya, wato kilo 1 a lita 1. Wannan ya yi kama da ruwan fure, shi ya sa yake zuga sarauniya ta ƙara ƙwai. Kowane gwangwani kuka auna sukari da shi, da shi za ku auna ruwa. A tafasa ruwa, a sauke, sa'an nan a zuba sukari a dama har ya narke. Kada a dafa sukarin a kan wuta, in ya ƙone yana cutar da su. A bari ya huce.

Yanzu mu koma ga lissafin sati 6. Ƙudan da za su kwaso furen ɗorawa da na dogon yaro a watan Maris, a watan Janairu ake yin ƙwansu. Wanda ya bar amyarsa ta rame cikin sanyi, ko ba ta tashi ba, fure zai buɗe ya same ta ba ma'aikata. Kafin ta farfaɗo fure ya wuce. Riba ta tafi ke nan, ko da ƙudan suna nan. Wannan shi ne amfanin haɗi mai ruwa-ruwa. Amma yana da tarko. In kun fara, sarauniya za ta cika gida da ƴaƴa bisa zaton abinci ya samu. In kuka yanke a tsakiya, kun ƙara musu bakuna kun janye akushi. Wanda ya san ba zai iya kaiwa har buɗewar fure ba, gara ya ba da mai kauri sau biyu ko uku ya tsaya nan.

A cikin amya ake sa abincin, ba a waje ba. In an ajiye a fili, ƙudan duk unguwar za su taru, masu ƙarfi su shanye, su bi sawu har gidan raunana su washe shi. Mai amyar katako irin ta Kenya, wadda ake jera sanduna a samanta, sai ya ɗaga sandunan baya inda ba saƙa, ya ajiye ƙaramin kwano a ƙasa. Mai amyar ciyawa ya buɗe marfin baya a hankali, ya tura sakaina ko gwangwanin kifi da aka wanke, ya mayar ya liƙe. Ko wanne ne, a sa ƴan tsinkaye su yi yawo a kan ruwan, kada ƙudan su nutse. Da magariba ake yi, lokacin da zirga-zirga ta tsaya, da ɗan hayaƙi, da sauri. Abin da ya zube a ƙasa a rufe shi da rairayi saboda tururuwa.

Rabin lita ya isa a lokaci guda. Ruwan sukari yana tsami da wuri a ƙasarmu. Abin da ya kwana biyu ba a shanye ba, a zubar, a wanke kwanon. Amyar da ta ƙi sha alhali ba ta da nauyi, a sa mata ido, wataƙila ba yunwa kaɗai ke damun ta ba.

Ga lissafi, ku gwada a allo kafin ku karanta amsa. Kilo 1 na sukari da lita 1 na ruwa suna ba da lita ɗaya da rabi da ɗan ɗori, wato ciyarwa 3. Mutum yana da amya 4, yana ba kowace rabin lita bayan kwana uku-uku, har sati 4. Ciyarwa 9 ke nan ga kowace amya, sukari kilo 3. Amya 4 za su ci kilo 12. Ku tambayi kuɗin kilo a kasuwarku, ku tambayi kuɗin litar zuma, ku gwama.

Da zarar fure ya buɗe, ƙudan sun fara shiga da nauyi, a daina. Su ma da kansu sukan juya wa sukari baya. Wanda ya ci gaba da ba su har kusa da ɗiba, abin da zai kai kasuwa ba zuma ba ce, ruwan sukari ne da ya bi ta amya. Wannan algus ne, kuma shi ke ɓata sunan zumar gari gaba ɗaya.

Garin fure fa?

Mata sun sha ganin ƙudan zuma da rani suna birgima a cikin garin hatsi a bakin turmi, ko a wurin injin niƙa, ko a kan dusa. Alama ce garin fure ya yi ƙaranci. Ana iya taimaka musu da garin waken suya da aka soya sama-sama, aka niƙa, aka tankaɗe da laushi. In babu, garin wake. A zuba a faifai, a ajiye a inuwa inda iska ba ta kaiwa, a ɗauke da dare. Kada a zuba cikin amya, yana kiran ƙwari. Wannan bai kai garin fure na gaskiya ba, rage zafi ne kawai.

Tsari daga iska

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadarin damana kuma daga gabas. Saboda haka ƙofar amya ta dubi kudu ko yamma. A liƙe duk wata kafa da laka da kashin shanu. A rage ƙofar ta zama faɗin yatsa biyu, tsawonta santimita 1, yadda ƙuda zai wuce amma ƙadangare ba zai shiga ba. A ɗora bunu ko zana a sama. Wannan rufi yana riƙe ɗumi da sanyi, yana kuma tare rana da bazara, lokacin da zafi ke sa saƙa ta yi laushi ta faɗo. Kada a naɗe amya da leda, tana tara gumi a ciki. Idan zafi ya shigo, kuka ga ƙudan sun yi cincirindo a waje da yamma, a buɗa ƙofar.

A share ciyawa kewaye da wurin tun da kaka. Wutar daji ba ta barin amya.

Abokan gaba

Amya mai ƙarfi tana tsare kanta. Mai rauni ce kowa ke shiga. Babban maƙiyinta a wannan lokaci shi ne tsutsar kaki. Wani ƙaramin malam-buɗe-littafi mai launin toka ne ke shiga da dare ya yi ƙwai. Tsutsarsa tana huda saƙa, tana barin zare kamar yanar gizo. Tana son tsohuwar saƙa baƙa wadda ƙudan suka bari ba tsaro. Saboda haka duk saƙar da ba kowa a kanta a cire. Kada a yar, a narka a tace. Kaki kaya ne na sayarwa, da shi maƙeran azurfa na Agadas suke fitar da siffar abin da za su zuba, kuma da shi ake shafa sabuwar amya domin kiran ƙuda.

Tururuwa da kiyashi sukan dami amya har ta tashi. A rataye amyar katako da waya, a shafa wa wayar baƙin mai. In a kan ƙafafu take, a sa kowace ƙafa cikin gwangwani mai baƙin mai, a zuba toka kewaye. Kada reshe ko ciyawa ya taɓa amyar, gada ce. Inda akwai dage, rataya da waya ita ce dabara, domin amya mai lilo ba ta ba shi wurin dafawa.

Akwai kuma wata ƴar kaska ja, kamar kan allura, da ake kira barowa. Daga Asiya ta fito, ta yi ɓarna ƙwarai a Turai da Amurka, kuma ta iso Afirka ta Yamma. Ƙudan Afirka sun fi jure mata. Wanda ya gan ta a jikin ƙudansa, ko ya ga ƙuda masu naƙasassun fikafikai, ya sanar da ma'aikatan kiwo. Kada ya fesa komai. Yawancin magungunan da ke kashe ƙwaro suna kashe ƙudan zuma.

Magana ga masu garka

Da rani, garka ita ce wurin da ya rage da ɗanyen ganye da ruwa, dole ƙudan su je. Suna tafiyar kilomita 2 zuwa 3 neman abinci, ke nan feshin da aka yi a garkar da ba a hange ma yana iya kai musu. Alamar guba ba ta ɓuya: gawawwaki tuli a ƙofar amya rana ɗaya, harshe waje, wasu suna makyarkyata a ƙasa.

Ƴan uwa masu noman rani, ƙudan zuma ma'aikatanku ne da ba ku biya. Su ke ɗaukar gari daga fure zuwa fure, sa'an nan kabewa da kankana da guna su yi ƴaƴa. Masu fitar da irin albasa a Galmi da kwarin Magiya sun fi kowa bukatar su, domin kan albasar da ƙwari ba su ziyarta ba iri kaɗan yake bayarwa. Kada a yi feshi a kan shuka mai buɗaɗɗen fure. In ya zama dole, a yi da faɗuwar rana, bayan ƙudan sun koma gida. A gaya wa maƙwabci mai amya tun jajibiri. Kada a wanke famfon feshi a bakin tabki. Mai amya kuma kada ya kuskura ya zuba ruwa ko sukari a cikin abin da ya taɓa ɗaukar magani, ko an wanke shi sau goma.

Ranar ɗiba ake shuka yunwa

Yawancin amyoyin da ke tashi da sanyi, tun da kaka aka yanke musu hukunci. An zo da dare da wutar kara, an ƙone rabin ƙudan, an kwashe saƙa duka, har da mai ƴaƴa. Me aka bar musu? Hayaƙin kandilo mai sanyi ya isa ya kwantar da su, ba sai da harshen wuta ba. A ɗebi saƙar da aka rufe bakinta da kaki, ita ce nunanniya. Saƙa mai ƴaƴa da mai garin fure a bar su. Cikin zumar ma, a bar musu aƙalla kashi ɗaya cikin uku. A ɗiban bazara kuwa a bar fiye da haka, domin doguwar yunwa ce a gabansu. Amyar da ta shiga a bana, a ganina, kada a taɓa ta sai baɗi.

Abincin da ba ya ƙarewa kuwa itace ne. Sassaben zamani, wanda ya fara yaɗuwa daga jihar Maraɗi a shekarun 1980, ya mayar da itatuwa gonaki masu yawa. A Magarya da Matamai da Mirya gawo ya cika gonaki. Mai amya ya lura da lokacin furen kowane itace, ya bar iri-iri: magarya da kurna bayan damana, gawo da shigowar rani, taramniya da aduwa da sabara cikin rani. Zogalen da ake ba ruwa yana fure kusan duk shekara. Masu sassake gawo domin dabbobi su bar wasu rassa har fure ya wuce.

Lafiyar mai amya da iyalinsa

In ƙuda ya harbe ku, ku kankare ƙarin da farce nan take, kada ku matsa shi da yatsu. Ku busa hayaƙi a wurin, domin warin harbi yana kiran sauran. Kumburi da ƙaiƙayi na kwana biyu ba abin tsoro ba ne. Amma wanda fuskarsa ko leɓɓansa suka kumbura alhali ba nan aka harbe shi ba, ko numfashi ya yi masa wuya, ko jiri ya ɗebe shi, a kai shi gidan likita ba tare da jira ba. Haka ma yaron da ƙuda masu yawa suka harba.

Iyaye mata, kada a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko ɗan lasa. Tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da ba ta yi wa babba komai, amma a cikin hanjin jariri takan fitar da dafi mai shanye jiki. Har wata 6, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Littafin amya

Tun da yanzu kun iya rubutu, ku sa wa kowace amya lamba da gawayi ko fenti, ku ware mata shafi a littafi. Duk ranar da kuka zagaya ku rubuta kwanan wata, da nauyinta, da ko ana shiga da gari, da itacen da ke fure, da abin da kuka ba ta. Ba sai da dogon bayani ba. Ga misali:

Amya ta 3. Ran 12 ga Janairu. Ba nauyi. Ana shiga da gari kaɗan. Hazo kwana 3. Na ba rabin lita mai kauri.

Amya ta 3. Ran 15 ga Janairu. Sun shanye. Na ƙara. Mangwaro ya fara fure.

Masu ƙungiya su riƙa zuwa da littattafansu wurin taro, a gwama na wannan da na wancan, domin a san satin da yunwa ke shigowa a garinku, a sayi sukari tare tun kafin lokacin.